150-600 ko 100-400: amsa ga mai dawakin Sallah da tsuntsayen Baturiya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na wajen Kafin Hausa ya ce kyamarar Canon 80D gare shi, abincinsa hoton biki da hawan Sallah, amma yanzu yana sha'awar leƙa Baturiya, dausayin nan na yankin Haɗejiya, ya ɗauki tsuntsaye. Kuɗin lens (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara) ɗaya ne a hannunsa, ya rasa wanda zai ɗauka tsakanin Sigma 150-600 da ƙaninsa Sigma 100-400, duka na jerin Contemporary. Babban nawa ne, ƙaramin kuma ina yawan aronsa wurin wani abokina, don haka abin da hannuna ya taɓa zan faɗa.

Malam, mu fara da lissafin da masu shago ba sa yi maka. Sensar 80D, wato farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara, ƙarama ce, duk lambar nisa da ke jikin lens, mai nuna yadda yake jawo abu kusa, sai ka ninka ta da 1.6. Ke nan 400 ɗin da kake rainawa 640 ce a wurinka, 600 kuma ta zama 960. Wajen shigar haske kuwa, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: duka biyun f/5 suke farawa, su ƙare a f/6.3, kuma duka suna da na'urar rage rawar hannu. Kada wani ya ce maka babban ya fi gani da yamma don bakinsa ya fi faɗi.

Inda suka rabu shi ne nauyi. Babban gram 1,930 ne, ƙaramin 1,160. Ɗora babban a kan 80D, ka tashi da abin da ya haura kilo biyu da rabi, kamar a ce ka ɗaga kwanon gero daidai fuskarka tun la'asar har magariba. A wani hawa da na ɗauka a Haɗejiya, kafin tawagar sarki ta iso damtsena ya fara kakkarwa, na koma jingina lens ɗin a kafaɗar wani yaro da ke gabana (Allah ya yi masa albarka, ko motsi bai yi ba). Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Da aka zo jafi, mahaya suka sako dawaki a guje suka nufo inda muke, na murɗa zum baya har ya tsaya a 150, wato 240 a kyamarata. Abin da na samu: hancin doki da linzami, babu mahayi, babu mashi a hannunsa. Da ƙaramin ne, 100 ɗin nan za ta ba ni ɗan fili, kuma yana kama abu tun daga mita 1.6, babban kuwa sai ka ja baya mita 2.8. A cikin cunkoson ƙofar fada, ina za ka ja?

To a Baturiya fa? Nan babban ke da bakin magana. Kirinjijiya da ɗinya ba sa jiran baƙo, ka matso su tashi, kuma tsuntsun da ya cika rabin hoto a 400 zai cika kashi uku cikin huɗu a 600. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sai dai akwai abin da ba ya cikin kwali: iskar ƙasarmu. Lokacin da baƙin tsuntsaye ke sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru daga Turai, lokacin hunturu ne, hazo ya rufe ko'ina. Lens mai nisa ba ya huda hazo, ƙara masa girma yake yi tare da tsuntsun. In kuma rana ta take, kawalwainiya ta tashi a kan ruwa da tudu, sai ka ga zalɓe yana lanƙwashewa a cikin kyamara kamar hoto a ƙasan randa. Na sha dawowa da kati cike, a waya su yi kyau, a kwamfuta duk dishi-dishi, har na fara zargin lens ɗin. Hotunana da suka fi fita, da sassafe na ɗauke su, daga cikin kwalekwale, mai fito yana turawa a hankali ta gefen kacalla, kuma yawancinsu ban wuce 450 ba.

Ka kuma sani, a 600 kana bukatar shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, ta kai 1/1000 na daƙiƙa in da hannu kake riƙe. Na'urar rage rawa hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da doki ko fiffike. Babban yana zuwa da ƙarfen ɗorawa a kan sanda ko mai ƙafa uku, ƙaramin mai gindin EF (mahaɗin da ke shiga kyamarar Canon irin taka) ba shi da shi, don da ma na riƙewa a hannu ne.

Ƙura kuwa duka biyun suna sha, saboda in ka murɗa zum tsawo suke yi su koma, kamar zugazugin maƙeri, kuma robar kariyarsu a gindi kawai take. In ƙurar ce ta fi damunka, Tamron 150-600 G2 ya fi su rufi, amma shi ma kilo biyu ne. A kan babur, cikin jaka mai zif, a naɗe da tsohon rawani.

Ni dai da ni ne kai, tunda dawaki da amare ke biyan kuɗin, Baturiya kuma sau biyu ko uku ce a shekara, 100-400 zan ɗauka, rarar kuɗin in ba mai kwalekwale ya matsa da ni kusa. In ka san tsuntsun ne zai zama aikinka, sai ka ɗauki babban, ka haɗa da sanda.

In na hannu za ka saya, je da kyamararka. Tabbatar gindin EF ne ba na Nikon ba, haska fitilar waya ta baya ka duba fumfuna, zare-zare farare kamar yanar gizo, musamman in kayan sun kwana a Legas. Sannan ka fita waje, ka kai zum ƙarshe, ka ɗauki rubutun wani allo daga nesa, ka buɗe shi sosai ka karanta kafin ka ƙirga kuɗi.