Hattara da masu mayar da mitar motocin dizal baya

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk mai shirin sayen motar dizal 'yar Beljiyam, musamman Hilux da Hiace. Yayana abin ya faɗa wa, kuma da ni aka je cinikin, don haka ba labarin an ce ba ne.

A Facebook muka ga tallar. Hilux fara ƙirar 2010, mai injin 2KD, wai saukarta ke nan daga jirgi, ko buhu ɗaya ba ta taɓa ɗauka a ƙasar nan ba. Mita tana nuna kilomita 132,000. Yaya ya shekara uku yana tara kuɗin motar da zai riƙa jigilar hatsi tsakanin Dawanau da Maigatari, shi ya sa yana ganin hoton hankalinsa ya tafi. Dillalin ya ce motar wani dattijon Bature ce, daga gida sai gona yake zuwa da ita. Ni dai har yau ban ga motar Turai a bakin dillali da ba ta tsoho ko tsohuwa ba ce.

Mun ce za mu zo da sassafe, ya ce a'a, sai ƙarfe goma sha ɗaya, mai makulli bai iso ba. Da muka je na ɗora hannu a kan bonet, na ji ɗumi. Na ce, "Malam, an tayar da ita ne?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, rana ce ta dake ta." A ƙarƙashin rumfa take. Na ga haka na yi shiru, kuma wannan shirun na daga cikin abin da ke cina har yanzu.

Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da wuta kamar na fetur, matse iska yake yi har ta yi zafin da zai kunna man. Idan zoben fistin ya cinye, matsin ya ragu, da safe ne asiri ke tonuwa: mota ta yi ta jan batir kafin ta kama, ta kama tana kakkarwa, farin hayaki ko shuɗi na bulbulowa daga salansa. Injin da aka riga aka ɗumama kuwa bugu ɗaya yake tashi kamar sabo. Mai makullin da bai iso ba ke nan.

An wanke injin tas, an shafe shi da mai yana ƙyalli, babu inda za ka ga alamar yoyo. An sa wa sitiyari sabuwar riga, an canza robar birki da ta kulos. Dillalin ma da bakanikensa ya zo, ya ce don ya sauƙaƙa mana wahala. Bakaniken ya taka totur sau biyu, ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, wannan inji ko budurwa albarka." Aka yi dariya, aka biya, aka ba da la'ada.

Wata biyar motar ta yi. Ta fara da shan baƙin mai, duk sati sai an ƙara. Sannan wata Alhamis a hanyar Gumel, da kaya a baya, ta yi wata ƙara guda ɗaya ta mutu. Taimin bel ne ya tsinke, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul. A wannan injin idan bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistin ne ke dukan bawul, ya lanƙwasa su, wani lokaci har kan injin ya tafi. Da aka jawo ta gareji, bakaniken gidanmu, wanda tun farko shi ya kamata mu ɗauka, ya goge murfin bel ɗin da tsumma ya kira Yaya. Wata 'yar takarda ce manne a lungu, masu wanki ba su lura da ita ba. Wani gareji na can Turai ya rubuta da biro cewa an canza bel a shekarar 2017, a kilomita 301,000. Tun a lokacin motar ta ninka abin da mita ke nunawa yau, har da ɗoriya.

Ku fahimce ni, yawan tafiya ba shi ne aibin motar dizal ba. Injin 2KD, da 1.9 TDI na Volkswagen, da 2.0 HDi na Peugeot 406, duk an san su da juriya, kuma wanda aka kula da shi yana wuce kilomita 400,000 yana aiki. Da an gaya wa Yaya gaskiya, da ya rage kuɗi ya saya, ya wuce gareji kai tsaye a canza bel da abin ɗaure shi da famfon ruwa, a gwada nozul, a duba turbo. Matsalar ita ce duk gyaran motar dizal da lissafin kilomita ake yin sa. Toyota ta sa a canza bel na wannan injin duk kilomita 150,000, har akwai fitilar T-BELT a gaban direba da ke kamawa idan lokaci ya yi. To ita ma fitilar da lissafin agogon motar, wato allon da mita ke ciki, take aiki. Wanda ya taɓa mita ya ɓata maka lissafin gaba ɗaya. Yaya yana zaune yana ganin saura kilomita dubu goma sha takwas, alhali bel ɗin ya shekara da shekaru yana jiran ranarsa.

Kuma aikin ba wuya gare shi ba. Mitar zamani lamba ce a cikin ƙwaƙwalwar agogo, da kwamfuta da waya ɗaya ake sauya ta. Wasu ma agogon gaba ɗaya suke cirewa su sa na wata motar. Ana yi a can kafin a loda mota a tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam, ana yi a Kwatano, ana yi a nan gida. Saboda irin wannan ha'incin ne Beljiyam ta kawo takardar Car-Pass tun 2006, wadda ke jera kilomitar da aka rubuta wa mota duk lokacin da ta shiga gareji ko wurin gwaji. Duk dillalin da ya ce maka daga Beljiyam motarsa take, tambaye shi ita, ka gwada lambar shasi da ke jiki da ta motar. Da yawa za su ce ba su taɓa jin ta ba. Shi ke nan, sai ka ɗauka mitar ba ta faɗa maka komai ba, ka yi ciniki a kan abin da idonka ya gani.

Idan za ka duba mota, ka je da bakanikenka, ka kuma dage sai an tayar da ita a gabanka bayan ta kwana. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga ko duk fitilun gargaɗi sun kama, don akwai masu cire ƙwan fitilar inji ko su liƙe ta da baƙin salatif. Tana aiki, ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin. In yana rawa kaɗan ba komai, in kuwa iska na cilla shi hayaki na fita kamar bakin murhu, zobe ya gama. Ka duba ƙarƙashin murfin, in ka ga abu kamar madara, ruwa na haɗuwa da mai. Ka ciro sandar awon mai ka murza tsakanin yatsu. Baƙi ba laifi ba ne a dizal, amma in ya yi kauri yana danƙo kamar zuma, an zuba ne don a rufe hayaki da ƙara. Sannan a jona na'urar binciken kwamfuta, domin a motoci da yawa akwai wasu sassan da ke ajiye nasu lissafin, kuma masu gaggawa agogo kawai suke taɓawa. Ka leƙa jikin ƙofar direba da cikin bonet da aljihun gaba, ko za ka dace da takarda irin tamu.

Mun koma wurin dillalin da hoton takardar. Ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma mota ta wata biyar a hannunmu, ina ruwansa. Rasidin da ya ba mu babu kilomita a ciki, babu lambar shasi, sai "mota ɗaya" da kuɗi. Da mun sa ya rubuta kilomitar ya sa hannu gaban shaidu, da muna da abin riƙewa a gaban hukuma. Bayan sati biyu ya sauya wa shafinsa suna. Jiya na ga ya ɗora wata Hiace, mita 118,000, wai ta wata tsohuwa ce mai sayar da furanni. Hilux ɗin Yaya kuwa tana gareji, ana nema mata kan inji a Ƙofar Ruwa.