Babur ɗin tiriyal a Yamai: 125, 250 ko 300, wanne ya dace a saya?

Duk wanda ya ƙudurta sayen babur ɗin tiriyal, tambayar farko da ke gabansa ita ce girman injin, kuma na lura mafi yawan masu sha'awa a nan Yamai suna yanke hukunci tun kafin su ɗora ƙafa a kan babur ɗin, suna cewa a ba su mafi girma. Na gwada girma ukun da aka fi samu, wato 125 da 250 da 300, a wani gareji da ke Harobanda wanda maigidansa ke shigo da na hannu daga Faransa jefi-jefi, kuma abin da na tsaya a kai shi ne 250 ya fi dacewa da kusan kowane baligi da zai fara wannan wasa, ya kuma ishe shi shekaru masu yawa bayan ya fara.

Tun da wasan bai yaɗu a ƙasarmu ba, ya kamata a san abin da ake nema ga babur ɗin kafin a yi maganar injinsa. Tiriyal ba tsere ba ne, domin ba a duba wanda ya riga isa. Ana keɓe wani ɗan fili mai duwatsu da gangare da kwazazzabai, mahayi ya ratsa shi a tsaye bisa matakan ƙafa ba tare da ya sa ƙafarsa ƙasa ba. Idan ya taka ƙasa sau ɗaya an rubuta masa maki 1, sau biyu maki 2, sau uku ko fiye maki 3, idan kuwa ya faɗi ko ya fita daga iyakar filin an rubuta masa 5, kuma wanda ya fi ƙarancin maki shi ne ya ci. Saboda haka aka ƙera babur ɗin ba shi da wurin zama, nauyinsa bai cika wuce kilo 70 ba, tankinsa bai kai lita 3 ba, tayar gaba inci 21 ta baya inci 18, kuma iskar da ake sa wa ta bayan kaɗan ce ƙwarai don ta lanƙwashe ta rungumi dutse. Mutumin da ke neman abin zuwa kasuwar Katako ko ta Wadata ya nemi wani babur dabam, wannan ba zai yi masa amfanin komai ba.

Tarihin wasan ma ya nuna cewa girman inji ba shi ne ke kawo nasara ba. An fara gasar kwana shida ta ƙasar Sikotilan tun 1909, kuma shekaru da dama manyan babura ƴan Ingila masu nauyi, na 350 da 500, su ne ke riƙe da fagen. A 1965 Sammy Miller, wanda a da yake hawan Ariel mai 500, ya ci wannan gasa a kan Bultaco Sherpa ta ƙasar Sipaniya, wadda injinta 244 ne kawai, kuma daga nan zamanin manyan injuna masu nauyi ya fara shuɗewa. Gaskiya ne cewa zakarun yau suna hawan masu kusan 300, har da Toni Bou na Sipaniya wanda ke lashe kambun duniya shekara bayan shekara tun daga 2007 a kan Montesa, amma su suna tsalle ne zuwa saman dutsen da ya fi tsayin mutum daga tsaye cak, abin da mai saye a Yamai ba zai tunkara ba a shekarunsa na farko.

Lambar da ake kiran babur da ita tana nuna girman cikin silindar injin ne, wato yawan iska da fetur da fistin ke iya zuƙa a tafiya guda. A wajen kamfanoni irin su GasGas da Beta, 250 da 300 kusan babur guda ne: gangar jikin ɗaya, tayoyin ɗaya, nauyin ma kusan ɗaya, tsawon tafiyar fistin kuma wajen milimita 60 a dukansu. Bambancin yana ga faɗin fistin, milimita 72.5 a 250, milimita 79 a 300, wanda ke ƙara wa kowane bugu ƙarfin da ya kusa kashi ɗaya cikin biyar. A kan kwalta wannan ƙari ba abin tsoro ba ne, amma a kan marmara mai tsakuwa, inda ake tafiya a hankali fiye da mai tafiya a ƙasa, shi ne ke raba tayar da ta kama da tayar da ta sulɓe.

Na fara da 300 a wani hawa da ke bayan gari wajen wasu tsaunuka uku, inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa ya bar matakan marmara masu kai wa gwiwa, da tsakuwa ja a shimfiɗe a gindinsu. Tun daga tayar da shi ake jin bambanci, domin kik ɗinsa yana da tauri, sai an tsaya a kansa da dukan nauyin jiki, kuma mai koyo da injinsa ke mutuwa a kai a kai zai gaji da tayarwa kafin ya gaji da hawa. Da zarar an murɗa totur ko da kaɗan ne, ƙarfin yana zuwa gaba ɗaya. Idan tayar baya tana kan tsakuwa sai ta yi ta juyawa a wuri guda tana watsa duwatsu baya, idan kuwa ta dace da dutse mai kamu sai gaban ya tashi sama fiye da yadda aka nufa, hannuwan mahayi su miƙe, nauyinsa ya koma baya, kuma komawar tasa baya ita ce ke sa hannunsa ya ƙara murɗa totur ba da saninsa ba. A nan ne ake samun mafi yawan faɗuwar masu koyo. Bai wa mai koyo 300 daidai yake da a ɗora yaron da bai iya riƙon linzami ba a kan ingarman da ya kwana biyu a turke. Ga ƙwararre kuwa, ko ga mutum mai jiki sosai da ya haura kilo 95 kuma ya riga ya saba da babura na daji, wannan ƙarfi na ƙasa-ƙasa alheri ne, domin yana iya hawan doguwar gangara a giya ta uku ba tare da injin ya yi kuka ba.

A wannan hawa dai, 250 ya nuna wani hali dabam, kuma a kansa nake so in daɗe. Ƙarfinsa yana zuwa ne a jere, gwargwadon yadda hannu ya nema, ta yadda mahayi ke samun ɗan lokacin da zai ji abin da tayar baya ke yi ya gyara kafin abu ya ɓaci. Idan an tunkari mataki, aka danna gwiwoyi, aka ba shi wuta kaɗan tare da sakin ambirayaji, wato kuloci, da yatsa ɗaya, gaban yana tashi daidai gwargwado ya sauka a bakin dutsen, tayar baya ta biyo shi ba tare da ta yi haushi ba. Idan hannu ya ɗan wuce gona da iri, babur ɗin yana yafewa. Abin da ya fi burge ni shi ne juyawa a ƙuntataccen wuri, lokacin da aka karya kan babur har ƙarshe ana tafiya taku-taku a giya ta ɗaya, birkin baya a danne kaɗan, injin yana bugawa a natse ba ya fizga ba ya mutuwa. Wannan juyawa ita ce rabin wasan tiriyal, kuma ita ce ake koyo watanni kafin a yi maganar tsalle. Ban ga wani dutse a kewayen Yamai da mai matsakaicin gwaninta zai tunkara ba wanda 250 zai kasa hawa saboda ƙarancin ƙarfi. Abin da ke kasawa shi ne ƙafa da hannu da idon mahayi, kuma waɗannan ba a sayensu da ƙarin silinda.

Shi kuwa 125, mutane suna raina shi ne saboda sun saba da 125 na kabu-kabu, irin na Sin da na Indiya da suka cika titunanmu. Ba ɗaya ba ne ko kusa. Na kabu-kabu ya haura kilo 100 kuma an yi injinsa don ya daɗe yana ɗaukar kaya da fasinja, na tiriyal kuwa bai kai kilo 70 ba, giyoyinsa na farko gajeru ne ƙwarai, kuma a gasar duniya akwai rukuni guda na matasa da ba a hawan komai a cikinsa sai 125. Aibinsa ɗaya ne, wanda kuma shi ne amfaninsa: ba shi da ƙarfin ƙasa-ƙasa, saboda haka dole mahayi ya ɗaga muryar injin ya riƙa sarrafa ƙarfin da ambirayaji, kuma duk wanda ya koyi haka ya koyi wasan daga tushe. Ga saurayi ɗan shekara 14 zuwa 17, ko ga baligi marar nauyi da bai wuce kilo 65 ba, shi nake ba da shawara ba tare da jinkiri ba. Ga mai nauyi kuwa yana wahala a cikin rairayin kwari, inda sai an yi ta ba shi wuta kafin ya fita.

Akwai wasu girma a tsakani. Beta tana yin 200, wanda masu koyo da yawa a Turai ke yabo saboda sauƙin hali, GasGas kuma ta daɗe tana yin 280. Montesa Cota mai 260 tana da inji irin wanda ba a gauraya masa mai da fetur, tana da ɗan ƙarin nauyi kuma tana riƙe babur da kanta idan an saki totur a gangara. Akwai kuma masu lantarki, irin na Electric Motion ta Faransa da ƙananan Oset na yara. Duk suna da kyau, amma a nan kowane girma da ba a saba gani ba yana nufin ƙarin wahalar neman kayan gyara.

Yanayin ƙasarmu ma yana da bakin magana a wannan zaɓi. Lagireton babur ɗin tiriyal bai fi tafin hannu biyu ba, kuma da yake ba a gudu, ba iskar hanya ce ke sanyaya shi ba, ƴar fanka ce ta lantarki. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, injin 125 da ake ta ɗaga wa murya a ƙarƙashin mutum mai nauyi yana saurin zafi, 300 kuma yana fitar da zafi mai yawa ta wannan ƙaramin lagireto, shi ya sa na ga 250 ya fi samun sauƙi a tsakaninsu. Kafireton da aka daidaita don sanyin Faransa yakan ba da fetur fiye da kima a iskarmu mai zafi, har buji ya yi baƙi, saboda haka sai an sake daidaita shi. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe matatar iska cikin fita guda, kuma wanda bai wanke ta ya shafa mata mai ba yana ciyar da fistinsa yashi ne. Man da ake gaurayawa da fetur ya zama mai kyau, kimanin kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 bisa umarnin kamfanin, ba na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya ba.

Game da garejin kansa, abin yabo na farko shi ne maigidan ba ya sayar wa mutum babur sai ya kai shi ya hau. Na ga wani magidanci ya zo da kuɗinsa yana neman 300, maigidan ya tambaye shi nauyinsa da irin baburan da ya taɓa hawa, sannan ya jera duwatsu biyu a ƙasa ya ce masa, "Alhaji, don Allah zagaya waɗannan sau uku ba tare da ka sa ƙafa ba, in ka yi, ɗauki wanda ranka ke so." Da 300 bai kammala zagaye ɗaya ba, da 250 kuwa ya kusa kammala biyu, kuma shi da kansa ya sauya ra'ayi. Maigidan ya san dabarun lallashin inji mai zafin rai, kamar sauya hannun totur da irin mai buɗewa a hankali, ko ƙara nauyi ga faifan ƙarfen da ke juyawa tare da inji don ya rage fizga, kuma yana faɗa wa mai saye gaskiya cewa waɗannan gyare-gyare suna rage matsalar 300 ne, ba sa mayar da shi 250.

Inda garejin ya gaza shi ne kayan gyara da takardu. Ba ya ajiye fistin ko faifan ambirayaji ko tayar baya, sai an yi oda a jira makonni, alhali tayar tiriyal mai laushi ce kuma marmara tana cinye ta da wuri. Babu rubutaccen tarihin kowane babur, saboda haka mai saye ba ya sanin awa nawa injin ya yi aiki, kuma yaran garejin sukan cika taya da iska kamar ta kabu-kabu idan maigida ba ya nan. Hular kwano da takalman hawa ma ba ya sayarwa, abin da nake ganin bai dace ba ga mai sayar da irin wannan kaya. Tun da sabo a Turai ya haura miliyan 4 na sefa kafin a yi maganar sufuri da duwan, na hannu shi ne abin da yawancinmu za su iya, kuma mai saye ya nace a buɗe masa matatar iska ya gani, a bar injin yana aiki har fanka ta tashi a gabansa, a kuma sa fistin guda da taya guda a cikin cinikin tun kafin ya biya. Ya kuma tambayi hukuma inda aka yarda a hau, domin Yamai tana kewaye da jihar Tillaberi, inda aka sha hana zirga-zirgar babura a wasu yankuna saboda tsaro, kuma babur da ba shi da lamba gara a kai shi filin wasa a bayan mota.