Wuri na gaske ko na roba?

Hajiya, tunda fayafayan auren ɗiyarki za ki yi wa ado, ki sayi wuri na gaske kawai.

Ina da wata jakar fata da kakata ta bar mini, aikin dukawan Birni, an jera mata wuri a baki. Fatar ta fara tsagewa, zaren ma sau biyu ina sake shi, amma wurin yana nan da ƙyallinsa. Duk ranar da na ɗauko ta na ji sanyinsa a tafin hannu, sai tsohuwar ta faɗo mini a rai.

Wuri gidan wata katantanwar teku ne. Ba ta da ƙashi a ciki, sai Allah ya ba ta wannan a waje. Naman jikinta kan fito ya lulluɓe bayan gidan yana ƙara masa sabon shafi, shi ya sa yake sulɓi kamar tangaran. A da, daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, da shi kakanninmu suka yi ciniki a nan Damagaram, kalmar "kuɗi" ma jam'insa ce. Mai zoben rawaya a baya kuwa na gaɓar Zanzibar ne, wanda Jamusawa suka yi ta jibgowa a ƙarni na 19 har darajar wuri ta faɗi. Ga ado dai duka biyun sun yi.

Na roba ya fi araha, ba shi da nauyi, iyakarsa ke nan. Na taɓa sayen sa, bazara ɗaya ya yi fentin ya ɓaɓɓake.

Na gasken ki nisanta shi da ruwan lemun tsami. Sinadarinsa ɗaya da na ɓawon ƙwai, tsami yana cin sa. Ki nemi wanda aka riga aka yanke wa baya, don allura ta wuce. In kika ce za ki huda da kanki, da yawa za su fashe.

Sannan ki buɗe ido da masu sayarwa. Wasu sukan zuba na gaske a sama, na roba a ƙasan ƙwarya. Ki tura hannu har ƙasa ki ɗebo, ki ƙwanƙwasa ɗaya a haƙori, na gaske zai ce ƙas. In kina shakka, ki gasa allura ki ɗora masa. Na roba nan take zai narke ya yi ƙauri.

Allah ya sa alheri, ya nuna mana lokacin.