Wayewa da dabbanci: inda Golding da Conrad suka haɗu, da inda suka rabu

Ɗan'uwa, ka ce a darasinku na adabi a Jami'ar Bayero an haɗa muku Lord of the Flies na William Golding da Heart of Darkness na Joseph Conrad, kuma kana ganin magana ɗaya suke yi, wato ɗan Adam dabba ne da aka sa wa riga, shi ya sa kake tambaya ko akwai bambanci a tsakaninsu, kuma wanne ya fi kusa da gaskiya. Bambancin yana nan, kuma babba ne. Golding yana nuna abin da ke faruwa idan hukuma ta ɓace, shi kuwa Conrad ta'asar da ake yi da izinin hukuma ya sa a gaba.

Golding ya fitar da littafinsa a 1954. Ya yi aikin sojan ruwan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya daɗe yana koyarwa a makarantar yara maza, don haka ya san yaƙi, ya kuma san yara. Labarinsa na wasu yaran Ingila ne da jirginsu na sama ya faɗi a tsibirin da ba kowa, babu babba ko ɗaya a cikinsu. Da farko sun zaɓi Ralph ya shugabance su, suka kafa doka cewa sai mai riƙe da katantanwar teku zai yi magana a taro, suka kuma yarda a riƙa hura wuta domin jirgin ruwa ya hango hayaƙi. A hankali farauta ta ɗauke hankalin Jack da mutanensa, tsoron dodo ya shiga zukata, aka kashe Simon, aka kashe Piggy, katantanwar ta farfashe.

Wurin da nake so ka tsaya a kai shi ne inda Roger yake jifan wani ƙaramin yaro da duwatsu amma yana kuskure shi da gangan, domin har lokacin tarbiyyar gida da tsoron hukunci suna riƙe da hannunsa. Wannan Roger ɗin ne daga baya ya gangaro da dutsen da ya hallaka Piggy. A ganin Golding ke nan, abin da ke hana mutum ɓarna daga waje yake zuwa, kuma da zarar idon manya ya kau, sai ya fara saki.

Littafin Conrad ya girmi wancan da shekaru fiye da hamsin, domin an fara buga shi a mujalla a 1899, ya fito cikin littafi a 1902, kuma marubucin da kansa ya yi aikin jirgin ruwa a Kogin Kwango a 1890, lokacin da ƙasar take mallakin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam. Mutanen da ke cikinsa manya ne masu albashi, da kamfani a bayansu, da akanta mai farar riga da guga wanda yake ta lissafinsa alhali 'yan ƙasa suna mutuwa da yunwa da wahalar aikin tilas a ƙarƙashin itatuwa kusa da ofishinsa. Kurtz, wakilin kamfanin wanda Marlow, matuƙin jirgi kuma mai ba da labarin, ya bi kogi don ya ɗauko, mai ilmi ne kuma mai fasahar magana, ya rubuta rahoto kan yadda za a wayar da 'yan Afirka, amma a ƙarshen takardar ya ƙara da cewa a ƙarar da su gaba ɗaya, kuma an tarar ya kewaye gidansa da kawunan mutane a kan sanduna, duk a kan hauren giwa.

Akwai wurin da ya yi daidai da jifan Roger, sai dai a nan lamarin ya juye. Ma'aikatan jirgin Marlow 'yan Afirka ne da ake kira masu cin naman mutane, yunwa ta gallabe su, sun fi Turawan jirgin yawa nesa ba kusa ba, amma ba su taɓa kowa ba, har Marlow ya rasa gane abin da ya riƙe su. Wanda aka ce shi ne wayayye ya kasa kame kansa, waɗanda aka kira dabbobi suka kame, kuma babu ɗan sanda a kansu.

Inda littattafan suka haɗu kuwa, aibi ne da bai kamata mai karatu a ƙasar nan ya wuce shi ba. Chinua Achebe, a wata lacca da ya gabatar a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1975, ya zargi Conrad da wariyar launin fata, saboda ya mai da Afirka dandalin da Bature ke gwada ruhinsa, 'yan ƙasa kuwa kusan ba su da suna ko magana. Golding ma bai tsira ba, domin alamun lalacewar yaransa su ne shafa fenti a fuska, da riƙe mashi, da rawa da waƙar farauta, wato surar da Turawa suka daɗe suna zana wa mutanen da suka mulka. Da irin wannan harshe na kawo wayewa da hana bauta aka zo ƙofar Kano a Fabrairun 1903, 'yan watanni bayan fitowar littafin Conrad. Wannan ba ya wanke namu tarihin, domin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna yadda harin bayi ya raba uwa da ɗanta a ƙasar da take da sarakuna da alƙalai da malamai, kuma ta wannan fuska ya fi kusa da Conrad.

Game da wanda ya fi kusa da gaskiya, ni dai na fi gamsuwa da Conrad duk da aibinsa, saboda abin da ya bayyana ya faru, kuma tarihin Kwango ya tabbatar da shi. Na Golding ƙirƙira ce da aka tsara domin ta kai ga sakamakon da marubucin ya riga ya yanke, kuma akwai abin da ya faru a zahiri da ya saɓa masa: a 1965 wasu yara shida 'yan makaranta daga ƙasar Tonga da ke Tekun Pasifik sun maƙale a tsibirin Ata har wata goma sha biyar, suka raba aiki, suka kula da wuta, suka yi jinyar wanda ya karye a cikinsu, aka same su duka da rai a 1966. Haka kuma mai karatu Musulmi zai lura cewa Alƙur'ani, a Suratu Yusuf, ya ambaci rai mai yawan umarni da mugunta, wanda ya dace da Jack da Roger, amma hadisi ya ce ana haihuwar kowane yaro a kan fiɗira, abin da Golding bai ba shi wuri ba sai a jikin Simon, shi ma bai bar shi ya rayu ba.

Sai dai kada ka rage wa Golding haƙƙinsa. Jami'in sojan ruwan da ya ceci yaran a ƙarshe, yana mamakin yadda 'ya'yan Ingila suka lalace haka, daga jirgin yaƙi ya sauko, kuma yaƙin manya ne ya jefa yaran a tsibirin tun farko. Idan za ka rubuta jinga a kansu, ka fara karanta Golding domin Turancinsa ya fi sauƙi, sannan ka shiga Conrad da laccar Achebe a gefenka, ka gina kwatancin a kan jifan Roger da yunwar ma'aikatan jirgin Marlow.