Ferrania P30: fim ɗin Italiya da ya dawo daga kabari

Masu ɗaukar hoto da fim irina mun san yadda abin ya zama, kamfanoni suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya tun da dijital ta shigo, shi ya sa dawowar Ferrania ta faranta min rai sosai wallahi. Kamfanin ɗan Italiya ne, masana'antarsa tana Cairo Montenotte a yankin Liguria, kuma da can babba ne, kamfanin 3M na Amurka ma sun saye shi a 1964. Daga baya aka daina yin fim gaba ɗaya. A 2013 Nicola Baldini da Marco Pagni suka kafa FILM Ferrania, suka koma tsohon ginin binciken masana'antar da ma'aikata 'yan kaɗan, a 2014 suka nemi gudummawa a Kickstarter, shafin intanet na tara kuɗi daga jama'a, aka tara musu sama da dala 300,000 don su ceto injinan. Alƙawarin lokacin fim mai kala ne, amma abin da ya fito a 2017 shi ne P30, baƙi da fari, ISO 80 (ISO shi ne ma'aunin saurin kama hasken fim), wanda suka ɗauko daga tsohon fim ɗin sinima da ake ɗaukar finafinan Italiya da shi a shekarun 1960.

To shi P30 ɗin nan ba kamar sauran ba ne gaskiya. Baƙinsa baƙi ne ƙirin, farinsa tas, kuma ƙwayoyin hoton ƙanana ne ƙwarai, za ka buga hoto babba ka ga zaren saƙar hula ɗaya-ɗaya, aikin wuyan babbar riga kuwa kamar ka kai hannu ka taɓa. Kamfanin suna cewa azurfa, sinadarin da yake kama haske, tana da yawa a jikinsa, ni dai abin da idona yake gani a nagatif, wato fim ɗin bayan an wanke shi, shi ne zurfin baƙin da ban samu a wasu fim baƙi da fari irin su Fomapan 100 ko Kentmere ba, su waɗancan suna da sassauci, suna ba ka toka-toka mai yawa a tsakiya, shi kuwa wannan ba ruwansa da sassauci.

Kuma a nan ne ya kamata mu na nan Arewa mu kula, don an gina shi ne ba da ranarmu a rai ba. Ka fita da shi ƙarfe ɗaya na rana a Kano cikin watan Afrilu, ka tsayar da mutum baƙi sanye da farar shadda, sai ka rasa ɗaya, ko dai shaddar ta ƙone ta zama fari fat babu aiki ko fuskar ta nutse cikin duhu ba ido ba hanci. Abin da nake yi shi ne na saita kyamara a ISO 50 maimakon 80, na auna haske daga fuskar mutum ba daga riga ba, sannan wajen wanke fim ɗin da sinadari na ɗan rage lokaci kuma ban cika jijjiga tankin wankin ba. Ko kuma kawai ka jira la'asar sakaliya, ko ka shigar da mutum zaure kusa da ƙofa inda haske yake shigowa a hankali. Lokacin hunturu kuma da hazo ya rufe gari, lokacin da sauran fim suke fitowa a dishe, shi a lokacin yake nuna kansa, hazon yana kwantar da hasken shi kuma yana ƙara masa ƙarfi sai su haɗu daidai, mafi kyawun hotunan da na samu da shi na safiyar hunturu ne a bakin ganuwa.

Wani abu kuma, ba ya ganin ja sosai. Jar dara tana fitowa kusan baƙa, haka kayan dogarai a hawan sallah, jan ya yi duhu ya bar koren da ɗan haske, abin yana da kyau idan ka san da shi ka shirya masa, amma idan hoton amarya za ka ɗauka da jan baki da lalle ka sani duk za su yi duhu fiye da yadda kake gani da ido. Shuɗi kuwa yana yin haske, sararin sama yakan fito fari sai in ka sa gilashin tace haske mai ruwan ɗorawa a gaban lens, wato idon kyamara.

Wankinsa da hannu ya fi, sinadarin wanki D-76 yana yi, Rodinal ma yana yi amma yana ƙara masa tsananin bambancin baƙi da fari, kuma matsalarmu ta kullum ita ce ruwa, ana son digiri 20 mu kuwa ruwan tanki da rana kamar na shayi, dole sai da ƙanƙara da ma'aunin zafi a hannu, in ba haka ba baƙin zai wuce gona da iri. Ajiya kuma a firij, in an samu wuta.

Kuɗinsa ya fi na Fomapan, kuma a sanina ba ka shiga shago a nan ka same shi, sai oda ko in wani zai dawo daga Turai, ga canjin dala ga kuɗin kawowa. Da yake kamfanin ƙarami ne wani lokaci sai ya ɓace a kasuwa na ɗan lokaci, don haka in ka gan shi ka ɗebi abin da aljihunka zai iya. Sun kuma ƙara fitar da wasu fim biyu, Orto mai ISO 50 da P33 mai ISO 160, shi P33 an yi shi ne ya fi sauƙin sarrafawa, ina ganin shi zai fi dacewa da wanda yake fara koyo ko mai ɗaukar biki inda babu lokacin tsayawa auna haske. P30 na wanda yake da haƙuri ne, mai ɗaukar gine-ginen ƙasa, zanen bango, kayan saƙa, fuskar dattijo a inuwa, kuma ni don irin wannan aikin zan ci gaba da sayensa duk da tsadar.