Pexels, Unsplash da Commons: wanne ya dace da mai haɗa fosta a Accra?

A gidajen buga takardu na unguwar New Town a Accra aikin kusan iri ɗaya ne. Hajiya mai waakye (shinkafa da wake) a unguwar Nima tana son takardar talla, mai haɗa fostar ya shiga Google ya kwaso hoton da ya fi ɗaukar ido, a buga dubu. Google ba shi da haƙƙin ko ɗaya daga hotunan nan, nuna inda suke kawai yake yi. A dokar haƙƙin mallaka ta Ghana, Act 690 ta 2005, hoto na wanda ya ɗauka ne muddin ransa, da shekara 70 bayan rasuwarsa, ko da babu sunansa a jiki. Rubuta sunansa a ƙasa kuma ba ya zama izini. Shi ya sa rumbunan hotuna na kyauta suke da amfani, sai dai kowanne da sharaɗinsa.

Pexels, wanda ke hannun Canva, kamfanin manhajar haɗa zane, shi ya fi sauƙi. Ana iya amfani da hotunansa a talla ba tare da biya ko ambaton mai hoto ba. Abin da ya hana: sayar da hoton yadda yake, mayar da shi tambarin kasuwanci, da nuna kamar mutumin da ke ciki yana tallata kayanka. Unsplash, da Getty Images ta saya a 2021, hotunansa sun fi kyawun haske, amma a kula, yana cakuɗa na kyauta da na Unsplash+ da tallan iStock, waɗanda na kuɗi ne. Raunin su biyun ɗaya ne: kayan gida sun yi ƙaranci. A nemi waakye, ko koko da ƙosai, ko lungun Zango, sau da yawa shinkafar wata ƙasa za a gani.

Nan ne Wikimedia Commons ya yi musu fintinkau. Tun 2004 ake tara shi, fayilolinsa sun haura miliyan 100, kuma gasar Wiki Loves Africa da aka fara a 2014 ta ƙara masa hotunan nahiyarmu. Akwai masallacin Larabanga, akwai kasuwar Makola. Ingancin ne hawa-hawa, kuma kowane hoto da nasa lasisin, galibi na Creative Commons (CC). Mai CC0 ba shi da sharaɗi. Mai CC BY yana buƙatar sunan mai hoto, sunan lasisin, adireshin inda aka samo, da bayani idan an yi masa gyara. Mai CC BY-SA ya ƙara da cewa in ka sarrafa hoton, abin da ka fitar ma a ƙarƙashin wannan lasisi zai zauna. Rubuta "Hoto: Wikipedia" bai cika sharaɗi ba, kuma saɓa sharaɗi yana soke izinin. Lasisin CC sigar 4.0 yana ba da kwana 30 a gyara daga ranar da aka gano kuskuren; tsofaffin ba su da wannan sassauci.

Abin da ya fi damuna babu rumbun da ya magance shi, wato fuskar mutum. Izinin da aka ba ka na mai kyamara ne, ba na wadda aka ɗauka ba. Mace ce ta tsaya da hijabinta aka ɗauke ta a bakin kasuwa, sai ga fuskarta a bangon unguwar Maamobi tana tallan man bilicin ko maganin basir, 'ya'yanta suna wucewa ta wurin zuwa makaranta. Wannan cin mutunci ne ko da lasisi ya halatta saukewa, kuma Pexels da kansa ya hana nuna mutum ta hanyar da za ta zubar masa da ƙima. Ghana tana da dokar kare bayanan mutum, Act 843 ta 2012. A tallan magani, ko neman taimako, ko siyasa, a zaɓi hoton da ba a gane kowa, ko a karɓi yardar mai fuskar a rubuce. In yaro ne, yardar iyayensa. Zanen kente da adinkra kuma doka ta sa su cikin kayan gargajiya, cin kasuwa da su yana bi ta National Folklore Board, hukumar kula da kayan gargajiya.

A ganina Pexels ne na aikin gaggawa, Commons na abin da ya shafi ƙasa da tarihi, Unsplash na uku. Tallan abinci kuwa, gara a ɗauki farantin Hajiya da waya a bakin ƙofa da hantsi.

Kafin a buga, a saka hoton a TinEye ko Google Lens, masu binciko asalin hoto, domin wani kan ɗora hoton sata a rumbun kyauta. A adana hoton shafin lasisin tare da kwanan wata. A sauke mafi girman fayil: takardar A5 a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci) tana son fiksel 1748 da 2480, A4 kuma 2480 da 3508. Wajen tura wa mai bugawa ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, don in aka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi, ya fito dishi-dishi a takarda.