Daga Katakolo zuwa kufan Olimpiya: bas, tasi ko jirgin ƙasa?

Idan jirgin ruwanku na yawon shaƙatawa zai yada zango a Katakolo, ɗan ƙaramin gari a gaɓar yammacin Girka, to abu ɗaya ya kawo shi: kufan Olimpiya, mahaifar gasar Olamfik, wadda lissafinta ya faro daga shekarar 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga bakin ruwa zuwa kufan bai kai kilomita 40 ba, kamar minti 40 a mota. Sai dai jirgin ba kwana zai yi ba, galibi rabin yini ne ya ɗaga. Don haka kafin ka tambayi kuɗi, fara ƙirga awa nawa ke hannunka.

Yawon da kamfanin jirgin ke sayarwa shi ne mafi tsada, kuma kwanciyar hankali ce kake saye. In bas ɗinsu ta makara, jirgi zai jira. Wanda ya fita da kansa ya makara kuwa, sai dai ya hango hayaƙi daga nesa, ya nemi hanyar riskar jirgin a zango na gaba da kuɗin aljihunsa. Aibinsa shi ne tafiyar garke: cikin bas guda kuna bin jagora ɗaya, inda ya tsaya nan za ku tsaya. Ka karanta bayanin da kyau kafin ka biya. Wasu suna haɗawa da ziyarar gonar inabi a ɗanɗana giya, kuma tsiren Girkawa da ake kira suflaki sau da yawa naman alade ne. In da wanda ke zuwa gonar zaitun, shi ya fi.

Abin da na fi so ka duba shi ne ko akwai gidan adana kayan tarihi a cikin tsarin, domin wasu kan tsallake shi. Filin kansa duwatsu ne a zube. Ginshiƙan ɗakin bautar Zeus, babban abin bautar Girkawan dā, da girgizar ƙasa ta kayar a ƙarni na 6 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), suna kwance gunduwa-gunduwa kamar yankakkiyar doya. Za ka bi ta ƙarƙashin wata baka ta dutse ka ɓulla filin tsere mai tsawon mita 192, inda har yau dutsen da 'yan gudu ke tashi a kai yake nan, da tsaga biyu na kafa yatsun ƙafa. Gaban ɗakin bautar Hera, matar Zeus, kuma nan ake kunna wutar Olamfik tun 1936. Amma kayan da Jamusawa suka fara tonowa daga 1875 suna cikin gidan tarihin: mutum-mutumin abin bauta Hermes na farin dutse, hular kwanon sarkin yaƙi Miltiades, har da ɗan kofin yumɓu da aka rubuta sunan Fidiyas a gindinsa, wato gwanin da ya sassaƙa gunkin Zeus. Wanda bai shiga nan ba, rabin Olimpiya ya gani.

In kun kai uku ko huɗu, ni tasi zan ce ku ɗauka. Ku raba kuɗin, ku riga basa-basan isa, rana ba ta yi zafi ba. Ku yi ciniki tun a tasha: zuwa da dawowa, da awa nawa zai jira ku. Kada ka yarda da ƙasa da awa biyu da rabi. Direba ba jagora ba ne, dokar Girka mai lasisi kaɗai ta yarje wa ya yi bayani a cikin kufai, saboda haka in kana son jagora ka neme shi daban tun kafin ranar. Tikitin shiga ma kai za ka saya, guda ɗaya ya isa filin da gidan tarihin.

Jirgin ƙasa ya fi araha nesa ba kusa ba, yana bi ta garin Firgos, kamar minti 45. Amma sawunsa kaɗan ne kuma jadawalinsa na canzawa. Araha ba ta ado. Sai in ka ga lokacin dawowarsa da idonka, kuma ya bar maka ratar awa guda kafin a ɗage tsanin jirgin ruwa.

A Yuli da Agusta filin tseren babu inuwa ko ta tsinke, ka riƙe ruwa da malafa. Agogonka kuma ka saita shi da na cikin jirgin ruwa, don wani lokaci yakan saɓa da na gari.